Matsa-Ɗauka: Kwana Uku a Karkarar Bichi

Saƙon ya shigo wayata bayan sallar isha'i. Bidiyo ne na sakan 12, ba murya, ba rubutu. Ƙwayar wake ɗaya ce a kan tabarma. Sai ta kumbura, ta tsage, wani farin zare ya leƙo daga cikinta ya sunkuya ya nufi ƙasa. Ba a ga hannun kowa ba. Na maimaita kallo ya fi a ƙirga kafin na kira ƙanena, wanda ke koyar da kimiyya a wata firamare a ƙasar Bichi.

Ya ce, "Yaya, 'yan aji biyar ne suka yi. In ka samu sarari ka zo, gani ya kori ji."

Ranar wata Litinin cikin Nuwamba na shiga mota a Ƙofar Ruwa. Mun daɗe muna rarrafe tsakanin Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa, 'yan Adaidaita Sahu sun cika titi, kowa na neman kafar da zai kutsa. A Dawanau muka sake tsayawa, domin kaka ce, tireloli sun yi layi ana loda wake da riɗi da zoɓo. Duk wanda ya taɓa ganin wannan kasuwa ya san dalilin da ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Abin da ba kowa ke tsayawa ya tuna ba shi ne, kowane buhu daga wata 'yar gona ya fito, kuma da yawa daga cikin gonakin nan ba su wuce inda mutum zai tsaya a gefe ɗaya ya yi magana da na ɗaya gefen ba.

Da muka wuce Dawanau sai gonakin suka bayyana. A wannan yanki babu abin da za ka nuna ka ce daji ne. Gona na jingine da gona, iyakarsu gamba ce ko layin lalle ko bini-da-zugu, gidaje a warwatse, ko'ina ka duba akwai danga da rumbu da tumaki a turke. An riga an girbe gero, dammunan dawa na tsaye, an ɗora harawa a kan rassan bishiya saboda dabbobi. Bishiyoyin kuma ba su tsaya nan da ka ba, kowace akwai mai ita: ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya, da gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa shuka rana, sai yanzu da sauran ke shirin bushewa shi yake fara kore.

Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana bin waɗannan gonaki. A 1965 shi da abokin aikinsa suka fitar da bincike a kan ƙasa da jama'ar karkarar da ke kewaye da Kano. Tambayarsa ita ce: ta yaya ƙasa mai yashi, wadda ake nomawa kowace shekara ba hutu, take ci gaba da ciyar da wannan ɗimbin jama'a? Amsar da ya samu kowane yaro a nan ya san ta. Taki ne a mangala bisa jaki, da tokar murhu, da sharar birni, da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya, da hannun da ba ya hutawa. Na riƙe wannan a raina, domin shi ne ya dawo mini a cikin ajin da na je gani.

A Bichi na hau babur. Mun bar kwalta muka shiga burji, daga nan muka shiga yashi, wani wuri sai na sauka mun tura. Mun isa ana kiran azahar.

Makarantar gini biyu ce da bishiyar darbejiya a tsakiya. Na fara shiga ofishin hedimasta muka gaisa, ya tambayi mutanen gida da hanya, ya sa aka kawo mini ruwa a kofin silba, sa'an nan ya ce, "To Malam, je ka ga aikin ɗan'uwanka. Mu dai tun da aka fara abin nan, ranar kimiyya ba ma neman yaro a gona."

Kayan aikin duka za su shiga buhu ɗaya. Kwalin taliya ne aka kife, aka huda gindinsa daidai idon kyamara, aka yanke gefe guda don hannu ya shiga. An ɗora waya a kai, fuskarta sama, an ɗaure ta da ɗanƙon tayar keke, an danne kwalin da bulo biyu. A ƙarƙashi akwai faranti cike da rairayi. Gefe kuma ga yumɓu da aka ɗebo a bakin kududdufi, ga zaren ɗinki fari, ga tsinken tsintsiya, ga gwangwanayen tumatir guda bakwai.

Yaran sun raɗa wa abin suna, matsa-ɗauka, kuma sunan ya faɗi komai. A matsa abu kaɗan, a janye hannu, a ɗauki hoto. A sake matsawa, a sake ɗauka. Idan aka jera hotunan aka gudu da su, ido ba ya iya raba su, sai ya ga motsi. Fim ɗin silima hoto 24 yake gudu a kowane sakan. Ƙanena ya tsayar da nasu a kan shida, don haka bidiyon sakan 40 yana cin hoto 240. Manhajar da suke amfani da ita, Stop Motion Studio, tana barin inuwar hoton baya a kan allon waya, yadda mai matsawa zai ga inda abu yake ɗazu kafin ya gusa da shi. Ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta.

Aikin a rabe yake. Akwai mai matsawa, akwai mai dannawa, akwai mai ƙirga hotuna da alli a jikin allo, akwai mai tsaron taga. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni mamaki har sai da na ga dalili. Hasken hunturu ba ya zama wuri ɗaya. Ƙura ta taso ya dushe, ta lafa ya dawo, bidiyo ya fito yana ƙyafta ido. Sai suka farke buhun taki suka yi labule, yaro ɗaya ya riƙe shi kada iska ta ɗaga. Wata yarinya ce mai ba da umarni, siririya, hijabinta ya sha wanki har ya koɗe. Ita ke cewa "Hannu!" kowa ya janye, sa'an nan ta ce "Ɗauka!" Ba wanda ya naɗa ta, in ji ƙanena, muryarta ce ta naɗa ta.

A daren farko, muna zaune a kan tabarma bayan mun ci tuwon dawa da miyar kuka, ya ba ni labarin yadda gwangwanayen nan bakwai suka samo asali. Da suka tashi yin fim ɗin waken, sun ɗauki hoto wajen 30 lafiya lau, ƙwaya tana kumbura. Daga nan aiki ya tsaya cak, gardama ta kaure. Me ke fara fitowa, saiwa ko tsiro? Mafi yawan ajin suka ce tsiro, ai shi ake gani. Ya ce shekara da shekaru yana zana wannan darasi a allo, yara suna kwafa, suna cin jarrabawa, ba a taɓa yi masa wannan tambaya ba. A zane, akwai hoto na ɗaya da na biyu da na uku, abin da ke tsakaninsu ba ruwan kowa. Amma wanda zai matsa zare da yatsansa sau 20 tsakanin hoto na ɗaya da na biyu, dole ya san ta ina zaren ya bi.

Bai ba su amsa ba. Ya sa suka shuka wake a gwangwani ɗaya kowace safiya har kwana bakwai, ranar ta takwas suka zazzage duka a kan tabarma suka jera. Ga na jiya ya jiƙa kawai, ga wanda ya tsage, ga wanda saiwa ta fito ba ko alamar tsiro, ga wanda ya lanƙwaso wuya yana jawo ɓarin ƙwayar biyu zuwa sama. Wani yaro ya ce gero ba haka yake yi ba, shi ƙwayarsa a ƙasa take zama. Gaskiyarsa ne kuwa. Aka sake neman gwangwani bakwai.

Wannan ne abin da na tafi da shi daga Bichi, kuma ina ganin shi ne ƙashin bayan lamarin. Bidiyon da ya fito ba shi da wani kyau na a-zo-a-gani, yana rawa, wani wuri inuwar kai ta shigo. Karatun yana cikin tsayawar nan da aka yi aka rasa yadda za a matsa. Wani malamin horar da malamai a Jami'ar Wollongong ta Ostireliya, Garry Hoban, ya gina hanyar koyar da kimiyya a kan wannan tunani, har ya rage gudun zuwa hoto biyu a sakan, domin a wurinsa bayani ake nema, ba santsin motsi ba. Ƙanena bai taɓa jin sunansa ba. Ƙarancin caji ne ya kai shi inda bincike ya kai wancan.

Washegari aka shiga babban aiki, fim ɗin wuta-wuta. Yaran ne suka zaɓa, domin babu gidan da bai san ta ba. Ciyawa ce mai fure ja-ja mai ɗaukar ido, amma inda ta yi yawa dawa ba ta yin zangarniyar kirki. Wasu na ce mata ƙuduji. Irinta kamar ƙura yake, tushe ɗaya na zubar da dubban ƙwayoyi, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ke fitarwa. Da sun ji, sai su miƙa ɗan zare su kama saiwar su fara tsotso. Kafin manomi ya ga ko ganye ɗaya a sama, an riga an yi masa ɓarna a ƙasa.

Yara suka yi saiwar dawa da farin zare, suka yi irin wuta-wuta da garin gawayi. Matsalar ita ce yadda za a nuna sinadarin da ba a gani. Ɗaya ya ce a zuba ruwa, aka gwada, rairayi ya jiƙe komai ya cakuɗe, hoto 50 suka tafi a banza. Yarinyar nan mai umarni ta yi shiru, can ta ce, "Malam, a yi da toka. Kamar ƙanshin miya ne, yana tafiya a hankali." Aka riƙa barbaɗa toka kaɗan-kaɗan, kowane hoto da'irar na faɗaɗa daga jikin zare, har ta taɓa garin gawayi. Na karanta bayanin wannan sinadari a littattafai da Ingilishi, ban taɓa jin an kusanto da shi kamar yadda yarinyar nan ta yi da kalma huɗu ba.

Ana cikin haka wani dattijo ya tsaya a bakin taga, fartanya a kafaɗa. Kakan ɗaya daga cikin yaran ne. Ƙanena ya fita ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ku shigo ku duba mana, ku ne masu abin." Ya shigo yana cewa shi bai yi boko ba. Aka nuna masa abin da aka ɗauka. Ya kalla sau biyu, sa'an nan ya nuna farantin da yatsa ya ce ƙasar ta yi fari da yawa, kuma daidai ne, domin wuta-wuta gonar da ta gaji take so. Amma in za su yi gaskiya, su yi faranti na biyu mai taki, a ga bambanci. Ya ƙara da cewa shekarar da ya sa gyaɗa a wurin, ta ragu a shekara mai zuwa.

Ƙanena ya juyo ya dube ni. Abin da dattijon ya faɗa shi ne abin da masana ke koyarwa: saiwar gyaɗa da waken suya da auduga tana tayar da irin wuta-wutar dawa, ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu. Cibiyar IITA, mai gonar gwaji a Minjibir, da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya sun daɗe suna aiki a kan wannan annoba, har da samar da irin wake mai jure wa nau'in da ke kama wake. Ilmin yana can a ofisoshi, yana nan kuma a kan dattijon nan, amma littafin aji biyar bai haɗa su ba. Farantin rairayi ne ya haɗa su da hantsin Talata. Jikan nasa, wanda ƙanena ya ce ba ya buɗe baki a aji, shi ya tashi ya ɗebo busasshen kashin awaki ya murje don faranti na biyu.

Da la'asar muka je gaida liman. Tun kafin a fara wannan aiki ƙanena ya je ya same shi, saboda ya san za a yi maganar sura. Na ce, "Allah gafarta Malam, me kuka gani?" Ya ce shi abin da ya roƙa ɗaya ne, kada a sa yara su ƙera surar mai rai da sunan makaranta, kuma an kiyaye. Na ga hikimar zuwa tun da wuri. Malamin da ya raina wannan tambaya zai wayi gari iyaye sun janye 'ya'yansu, ya rasa dalili. Kuma abin da ya rage ba kaɗan ba ne: tsiro, ruwa da gajimare, taswira, lissafi. Sun yi wani gajere inda gyaɗa 12 ke rabuwa gida uku, su sake haɗuwa su rabu gida huɗu. Sun yi wani da ya burge ni ƙwarai, harafin k na yumɓu yana fitar da lanƙwasa a ka, kalmar kafa ta koma ƙafa. Yaron da ya lanƙwasa wannan da yatsansa ba zai sake mantawa da ita a rubutu ba.

A zauren liman ɗin hira ta gangaro kan majigi. Tsofaffin da ke wurin sun tuna motar da kan zo ƙofar gidan dagaci, a kafa farin ƙyalle, a tayar da inji, mai fassara ya riƙe lasifika. An nuna musu tsafta da allurar rigakafi da noman zamani, kuma da yawa ba su manta da fim ɗin Baban Larai ba. Wannan al'ada ta samo asali tun zamanin Turawa. William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Nijeriya, shi aka ba jagorancin sashen fim na mulkin mallaka da aka kafa a 1939. Majigi ya yi amfani, ba na musu. Amma kullum daga waje yake zuwa, ya faɗa wa manomi yadda zai yi, ya naɗe ƙyallensa ya tafi. Ba a taɓa tsayar da inji an ce, Baba, ku duba mana ba.

Na ba su labarin wani maƙwabcinmu da ya kamata kowane malamin da ke wannan aiki ya san shi, Moustapha Alassane na Nijar. An haife shi a 1942, ya fara da kanikanci, kuma tun yana yaro yake haɗa fitila da kwali yana nuna wa tsaransa inuwoyi. Ya yi aiki da mai shirya fim Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaru da wani mai shirya fim, Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, fim ɗin zane da kwaɗi ke wasan shugabanni, a 1977 kuma ya yi Samba le Grand da 'yan tsana, ta wannan hanya ta matsawa da ɗauka. Yana da wani mai suna Kokoa, kan kokawar gargajiya. Ya zauna a Tawa, cikin Hausawa, yana aikinsa da kayan da hannunsa ya kai gare su, har ya rasu a 2015. Yaranmu da ke ƙera motar kara da motar langa-langa ba baƙin wannan sana'a ba ne. Hannun yana nan tun tuni.

Akwai abin da ya dame ni, kuma ba zan ɓoye ba. Yaran ajin sun haura 70, kwali kuwa ɗaya ne. Takwas ke aiki, sauran na leƙe, na baya ma ba sa ganin komai. Ƙanena yana juya su rukuni-rukuni, ya ba waɗanda ba sa kan kwali aikin zana matakan fim a takarda da rubuta bayanin da za a karanta a kai, amma duk da haka yaro na iya yin mako uku hannunsa bai taɓa zare ba. Wayar tasa ce ta kansa, da ita yake kiran iyalinsa, kuma kullum da yamma sai ta kwana a shagon caji mai sola a bakin kasuwa, da kuɗin aljihunsa. Fim mai sakan 40 kan cinye darasi huɗu, manhajar karatu kuwa ba ta jira. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024, ana ta maganar gine-gine da kujeru da ɗaukar malamai, kuma duk ana buƙatarsu. Ni dai da za a tambaye ni, ba zan ce a sayo manyan na'urori ba. Tsofaffin wayoyi huɗu da ƙaramin faifan sola sun isa aji ɗaya ya rabu gida huɗu. Kuma ga Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha nan a Bichi, inda ake horar da malamai. Mako guda na irin wannan aiki ga ɗalibanta zai isa ƙauyuka da yawa.

Ba kowane darasi ne ya dace da matsa-ɗauka ba. Wanda ya dace shi ne abin da ke sauyawa a hankali ko a ɓoye, inda ido ba ya kaiwa. Ƙanena ya ce a zango ɗaya fim biyu sun ishe shi.

Ranar Laraba aka sa murya. Yarinyar ce ta karanta bayanin da Hausa, ajin duka ya yi tsit, sai da aka maimaita sau uku saboda wani zakara a bayan taga. Bayan magariba aka kai wayar ƙofar gidan mai unguwa. Ba ƙyalle, ba lasifika. Wayar ce ke yawo daga hannu zuwa hannu a kan tabarma, mutum huɗu-huɗu suna haɗa kai, yara na tsaye a baya suna faɗin wanda ya yi kaza. Aka aika da ita cikin gida mata suka gani, ta daɗe ba ta dawo ba.

Da ta dawo, dattijon nan ya karɓa ya sake kallo, ya kawo ta kusa da ido. Ya ce farantin taki ya yi daidai. Sai dai furen ya fito da wuri. Wuta-wuta ba ta yin fure sai dawa ta yi tsawo sosai, su kuwa sun sa ta fure dawa na gwiwa. Ya miƙa wa jikansa wayar ya ce, "Gobe ka faɗa wa Malam a gyara."

Da asuba ɗan acaɓa ya zo ɗaukata. Muna wucewa ta gaban makaranta na hango yara uku sun riga kowa zuwa, ɗaya ɗauke da kwalin a ka, ɗaya da bulo, na ukun yana jan dogon karan dawa da ya tsinto a gona.